RA'AYINMU: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban kanal na Kadawa da sassafe ya riga ya san rabin abin da za mu faɗa a yau. Ga mata da 'yan mata da bokitai da jarkoki suna ɗiban ruwan da za a juye a randa. Can gaba kaɗan ga saurayi ya tsuguna yana ɗauraye injin feshin da ya yi aiki da shi a gonar tumatir jiya da yamma. Gaba da shi kuma ga shanu sun tsoma baki, ga yara suna iyo, ga mai babur yana wanke babur ɗinsa da omo. Ruwan nan guda ɗaya ne, kuma daga madatsar Tiga ya fito. Wanda ya saura bayan an shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam yakan bi magudanai ya koma kogi, kogin kuma ya gangara wajen Tamburawa, inda kogin Kano da kogin Challawa suke haɗuwa, inda kuma ake tace wani babban kaso na ruwan da birnin Kano yake sha. Saboda haka in muka ji ana cacar baki a rediyo a kan wanda ya lalata ruwan Kano, kada wani a cikinmu ya ce wannan rigimar 'yan birni ce. Ruwan da ake faɗa a kansa ta ƙofar gidajenmu yake wucewa.

Cacar bakin kuwa ba ta ƙarewa. A shekarar 2024, da zafi ya tsananta kuma famfuna suka ƙafe a unguwanni da yawa na birni, kwamishinan ruwa na wancan lokaci, Alhaji Ali Haruna Makoɗa, ya fito ya ɗora alhakin abin a kan gwamnatin da ta gabata, wato ta Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya ce an bar injuna sun lalace, ya kuma ce gwamnatinsu tana kashe fiye da Naira biliyan ɗaya a kowane wata wajen sayen gas da magungunan tace ruwa da biyan kuɗin wuta. 'Yan ɗaya ɓangaren su ma ba su yi shiru ba, sojojin baka na kowane gefe suka hau gidajen rediyo da daddare, wannan ya zagi wancan, wancan ya rama. Gari ya waye, mai ga-ruwa ya turo kurarsa kamar kullum, uwar gida ta saya ba tare da ta san daga wace rijiya aka ɗebo ba.

Ba mu ce kwamishinan ƙarya ya yi ba. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya tarar da injuna a lalace. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda kowace gwamnati take magana kamar jiya ta sauka daga sama ta tarar da Kano a haka. Alhali kuwa in aka duba, mutanen da suka riƙe jihar nan tun daga 1999 kusan 'yan gida ɗaya ne. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda garinsu yake nan maƙwabtanmu a Ƙaramar Hukumar Madobi, injiniyan ruwa ne, kuma ya yi shekara 17 yana aiki a hukumar WRECA kafin ya shiga siyasa. Ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015. A duka zangon nan biyu Dokta Ganduje ne mataimakinsa, wanda shi ma ya riƙe kwamishinan ayyuka tun zamanin soja, kana ya yi nasa mulkin daga 2015 zuwa 2023. Injiniya Abba Kabir Yusuf, wanda ya hau a 2023, shi ne kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015. Malam Ibrahim Shekarau ne ya cike tsakanin, daga 2003 zuwa 2011. To, in wannan ya nuna wancan da yatsa, wa yake nunawa? Teburi ɗaya suka zauna, kasafin kuɗi ɗaya suka sa wa hannu shekara da shekaru. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ita kuwa cutar amai da gudawa ba ta taɓa tambayar kowa katin jam'iyya ba. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka taru a kan Kano lokaci guda, har Asibitin Zana ya cika ya batse. Tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996 an rubuta mutum 5,600 da suka kamu da kwalara a jihar nan, 340 suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba tare da kowa ya rubuta sunansu ba. A lokacin nan soja ne ke mulki, babu jam'iyyar da za a zaga. A ƙarshen 2001, ana mulkin farar hula, cutar ta dawo ta kwashe ɗaruruwan mutane. A 2021, a ƙarƙashin wata jam'iyyar dabam, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa fiye da mutum dubu 111 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 suka mutu, kuma Kano na cikin jihohi huɗu da abin ya fi yi wa ɓarna, tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Kaki ya zo ya tafi, hula ja ta zo, wata hular ta biyo baya, randar talaka dai tana nan yadda take.

Akwai wani abu da likitoci suka gano a annobar 1996 wanda ya kamata a ce kowane ɗan majalisa ya haddace shi. Da suka kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, sai suka tarar cewa masu shan ruwan da ake sayarwa a kan titi sun fi kamuwa, masu shan ruwan famfo a gida da masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa sun fi tsira. Ma'anar wannan a fili take. Ranar da famfo ya ƙafe, a ranar ne gurɓataccen ruwa yake shiga gida, domin mutum ba zai kwana da ƙishirwa ba, dole ya saya daga inda ya samu. Ba mu ga laifin 'yan ga-ruwa ba, bayin Allah ne masu neman na tuwo da ƙarfinsu, kuma ba don su ba da rabin birnin nan bai yi girki ba. Amma babu wanda yake duba rijiyoyin da suke ɗiba, babu wanda yake duba jarkokinsu.

Shi kansa ruwan famfon, in ba kullum yake zuwa ba, yana da nasa haɗari, kuma wannan batu ne da masu cacar baki ba sa taɓawa ko kaɗan. Bututun da ruwa ke gudu a cikinsa dare da rana da ƙarfi, ko ya fashe, ruwa ne zai riƙa fita waje. Amma bututun da ake sakar wa ruwa sau biyu a mako, sauran kwanakin yana nan fanko, in ya tsage a cikin kwata to ƙazantar kwatar ce za ta riƙa tsotsuwa ciki. Ranar da aka sako ruwa, shi ne zai fara turo ta zuwa gidajen mutane. Wanda ya san lungunan birni da Fagge da Sabon Gari ya san cewa bututu da yawa a cikin lambatu suke kwance, wasu tun kafin a haifi iyayenmu. Ashe ana iya tace ruwa tas a Tamburawa, a zuba masa alif da kulorin yadda ya kamata, ya iso ƙofar gida da cuta.

Kano ba ta rasa gine-ginen ruwa ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa gidan ruwa na farko a Challawa da kuɗin baitulmalin En'e. Marigayi Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, kuma albarkacinta ne muke noman shinkafa da alkama da tumatir da rani a nan Kadawa. An ƙara da madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992. Gwamnatin Malam Shekarau ta gina sabon gidan ruwa na Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, ta kuma yi na Watari. Duk waɗannan an yi bikin buɗe su, an yanka kyalle, an ɗauki hoto. Sai dai babu wanda yake yin biki don an canja wa injin bel, ko don an sayi alif a kan kari, ko don an biya mai gwajin ruwa albashinsa. Wannan ɗan ƙaramin aikin na kullum, wanda ba ya shiga allon yaƙin neman zaɓe, shi ne ruwan sha. Shi ne kuma abin da kowace gwamnati take barin wa mai zuwa, domin mai zuwan ya samu abin faɗa.

Ga kuma batun masana'antu. Kamfanonin jima da na saƙa da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwan aikinsu a rafuka. Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma yakan bi Getsi ya haɗu da Jakara. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, wanda tafasa ruwa ba ta kawar da shi, kuma malaman jami'o'inmu sun sha auna waɗannan rafuka suna rubuta abin da suka gani. Doka kuwa tana nan. Bayan abin kunyar da ya faru a Koko a 1988, sa'ad da aka jibge gubar da aka kwaso daga Italiya a wani fili, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FEPA, a 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta tilasta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tabbatar da bin irin waɗannan ƙa'idoji. Shekara fiye da talatin ke nan da ƙa'idar 1991. Mai shakka ya je bakin Salanta ya duba launin ruwan, in hancinsa zai bar shi ya matsa kusa.

A namu ganin, tushen matsalar shi ne ruwan nan yana da iyayen gida da yawa, kuma ɗan da ke da uba goma maraya ne. Madatsar Tiga da kanal-kanal ɗinmu na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne, wato na Gwamnatin Tarayya. Tace ruwa da raba shi a birni na Hukumar Ruwa ta Jiha ne. Rijiyoyin ƙauye da burtsatse na hukumar ruwan karkara ne da ƙananan hukumomi. Masana'antu na ma'aikatar muhalli ne da NESREA. In cuta ta ɓarke kuma sai a ce na ma'aikatar lafiya ne. Je ka wannan ofis da kuka, a ce maka ai noman rani aka ba su, ba ruwan sha ba. Je ka wancan, a ce ai kogin ba nasu ba ne. Ƙaramar hukuma ta ce kuɗinta yana hannun jiha, jiha ta ce Abuja ba ta sako ba. Kowa yana da gaskiya ta fuskar takarda, yaron kuma an riga an kai shi makwanci. Wannan irin rabon aiki shi ne yake ba 'yan siyasa damar jifan juna ba tare da dutsen ya taɓa sauka a kan kowa ba.

Kada mu ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. A garin Filint na jihar Mishigan a Amurka, a watan Afrilu 2014, jami'an da gwamnan jihar ya naɗa su kula da kuɗin garin suka mayar da shi shan ruwan kogin da ke kusa domin a rage kashe kuɗi, ba a kuwa zuba maganin da ke hana bututu zaizayewa ba. Dalma ta narke daga tsofaffin bututu ta shiga jinin yara. Mutanen garin, akasarinsu talakawa baƙaƙen fata, suka yi ta kai ruwa mai launin tsatsa a kwalabe gaban hukuma, ana ce musu lafiyarsa ƙalau. Da magana ta kai majalisar ƙasa a 2016, sai 'yan wata jam'iyya suka ce laifin Gwamna Rick Snyder ne, 'yan ɗayar suka ce laifin hukumar muhalli ta tarayya ne, daidai yadda namu suke yi. An gurfanar da gwamnan a 2021, aka kori ƙarar a 2022. Amma abin lura a labarin shi ne abin da ya karya gardamar. Wata likitar yara, Dokta Mona Hanna-Attisha, ta tattara sakamakon gwajin jinin yaran garin ta bayyana shi a watan Satumba 2015, kuma kafin ƙarshen Oktoba an mayar da garin kan tsohon ruwansa. Daga baya wata ƙungiyar fastocin garin tare da wasu mazauna suka kai ƙara kotu, a 2017 aka tilasta wa hukuma ta tono tsofaffin bututun ta canja. Zagi a rediyo bai canja bututu ko ɗaya ba, takardar gwaji da takardar kotu ne suka yi.

Mu ma mun ga amfanin gwaji a nan gida. A watan Maris 2021, da aka fara kwasar mutane zuwa asibitocin Kano suna amai, wasu suna fitsarin jini, zargin farko a kan ruwa ya faɗa, aka yi ta nuna rijiyoyi da 'yan ga-ruwa. Da hukumar NAFDAC da ma'aikatar lafiya suka bi sawu, sai aka tarar da garin ɗan tsami da na haɗa lemo da suka lalace ake sayarwa a kasuwa. Da ba a auna ba, da har yau ana tsine wa wanda bai ji ba bai gani ba. Abin tambaya shi ne, me ya sa sai an fara mutuwa ake aunawa? Hukumar Ruwa tana da ɗakin gwaji. Me zai hana a riƙa buga sakamakon kowane wata a jarida, a karanta shi da Hausa a rediyo, unguwa-unguwa, kamar yadda ake karanta farashin hatsi na kasuwar Dawanau? Gwamnatin da ta ce ta gaji kango ta fara da wannan, domin ta haka ne jama'a za su san inda ta tarar da ruwan da inda ta kai shi. In ta ƙi, to mu ma muna da damar mu yi zaton akwai abin da ba a so mu gani.

Sai dai 'yan'uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke zagaya ƙauyukan nan muna gaida marasa lafiya mun san abin da idonmu yake gani. Ba gwamna ba ne yake wanke injin feshi a kanal. Ba kwamishina ba ne yake jefa kwalbar maganin ƙwari a magudana, ko ya ɗauraye ta ya ba yaro ya riƙa zuwa gona da ruwan sha a ciki. Tun shekarar 2016, da tsutsar nan ta cinye tumatir a wannan yanki har sabon kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya rasa abin niƙawa, feshi ya ƙaru a gonakinmu ƙwarai, wasu ma sukan haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya ba tare da sun karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar ba. Bahaya a bakin kanal har yanzu ba a daina ba, musamman lokacin girbin shinkafa da 'yan ci-rani suke cika gonaki babu bayan gida ko ɗaya. Yaranmu maza da yawa suna fitsarin jini saboda tsargiya, wadda ake ɗauka ta wanka a ruwan da katantanwa ke zaune, har wasu iyaye sun ɗauke shi alamar girma ce. Cuta ce, tana da magani mai sauƙi, kuma in an ƙyale ta tana lalata mafitsara. Duk abin da muka zuba a ruwan nan, mu ne muke fara sha, kana mu aika wa 'yan birni ragowar.

Wannan ba ya wanke hukuma. Abin takaici ne a ce mutanen da suke zaune a bakin ruwan da ke ciyar da Kano, suna noma mata shinkafa da tumatir, su ne suke tace ruwan kanal da ɗankwali. Fiye da shekara 50 da gina Tiga, akwai ƙauyuka a cikin wannan aikin noman rani da burtsatsensu ya lalace tun zaɓen da ya wuce, yana jiran zaɓe mai zuwa. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam da su sa a ƙidaya burtsatsen da ke yankunansu, a liƙa jerin masu aiki da matattu a ƙofar sakatariya, da sunan wanda aka ɗora wa gyaran kowanne. Muna kuma kira ga Hukumar Haɗeja da Jama'are, wadda take karɓar kuɗin ruwa a hannun manoma kowace kaka, da ta keɓe wuraren wanke injin feshi nesa da kanal, ta kuma daina cewa ruwan sha ba aikinta ba ne alhali ta san shi ake sha.

Su kuma ikkilisiyoyinmu, da yawa daga cikinsu suna da rijiya ko burtsatse a harabar majami'a, wadda unguwa duka take ɗiba, Kirista da Musulmi. Wannan rijiyar ba ta da tsohuwar gwamnatin da za a ɗora wa laifi, tamu ce. Kafin ruwan sama ya sauka, dattawan kowace ikkilisiya su ɗauki igiya su auna tsakanin rijiyar da masai mafi kusa, domin ma'aikatan lafiya sun ce kada ya gaza mita 30. A duba ko tana da murfi da dakali, a keɓe mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. A ɗebi ruwanta a kwalba mai tsabta a kai gwaji, a karanta sakamakon cikin sanarwar ranar Lahadi ko da bai yi daɗin ji ba. Zumuntar mata su tabbata kowane gida ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma ya san cewa mai gudawa irin ta ruwan shinkafa asibiti ake kai shi a daren, ba a jira gari ya waye. Ranar da masu neman ƙuri'a suka zo gaishe mu, kamar yadda sukan zo, sai sakataren ikkilisiya ya miƙa musu takardar gwajin nan tare da jerin matattun burtsatsen mazaɓar, ya nemi su rubuta ranar gyara a ƙasa su sa hannu.